SUNA BA AWO BA NE: ABIN DA YA KAMATA A SANI KAFIN SAYEN ƘANANAN KARNUKAN GIDA

Yau ba zancen shanu ko awaki za mu yi ba. Za mu taɓo wata bisa wadda da can ba mu cika ganinta a wurin aikinmu ba, amma yanzu ta soma yawa a manyan garuruwa, musamman Yamai. Ita ce ƙananan karnukan nan na Turai masu gashi da ake ajewa cikin gida. Mutanenmu duk "kanish" suke ce musu, ko da wane iri ne. Ba sa bin garke, ba sa farauta, gadinsu kuwa bai wuce haushi ba. Ba aikinmu ba ne mu ce wa mutum ya saya ko kada ya saya. Amma kuɗin da ake zubawa a kansu ba kaɗan ba ne, wani har ya kai kuɗin ragon layya mai kyau, kuma in ciwo ya kama su wurinmu ake kawo su. Saboda haka ya zama wajibi mu yi bayani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami

Mutum biyu ne suka zo mini cikin wata guda. Ta fari wata hajiya ce, yaro na biye da ita riƙe da kare. Ko zama ba ta yi ba ta ce: "Likita, karen ga mi ya same shi? Mai shi ya rantse mini toyi ne, ba ya wuce kilo biyu, ga shi kullum ƙaruwa yake. Ko kumburi ne?" Na ɗora shi bisa ma'auni, kilo 7. Na auna tsawonsa, santimetir 33. Na duba baki da ido da ciki, lafiya lau, watansa 10. Na ce: "Hajiya, karenki ba abin da ya same shi. Girman gidansu ne ya yi. Kanish ne, amma ba toyi ba." Ta ce to kuɗin toyi ta biya. Na ce wannan kuma tsakaninta da mai sayarwa.

Na biyu wani saurayi ne, ya kawo nasa cikin kwalin takalmi. An sayar masa da shi da sunan "tikap", an ce watansa 3, kuma ya kusa gama girma. Nauyinsa bai kai rabin kilo ba. Da na buɗe bakinsa, haƙoran gaba da fiƙoƙi kaɗai suka tsiro, bai iya tauna abinci ba. Ɗan kwikwiyo ne wanda bai wuce sati 5 ko 6 ba, an cire shi daga nono tun lokaci bai yi ba. Jikinsa ya yi sanyi, yana zawo. Mun yi abin da muke iyawa, kwana biyu ya mutu.

Hajiya ta yi hasarar kuɗi, saurayin ya yi hasarar kuɗi da bisa. Amma kuskurensu ɗaya ne: suna suka saya, ba su sayi awo ba.

Daga ina sunayen suka fito?

Kamar yadda muke da shanun Azawak da Bororo, da jar akuyar Maraɗi, da tumakin Balami da Uda, kowane da kamanninsa da aka sani, haka Turawa suka rarrabe karnukansu iri-iri. Sun kafa ƙungiyoyi masu rubuta siffar kowane iri: tsawo, nauyi, gashi, launi. Babbar cikinsu ita ce FCI, wadda aka kafa a 1911, mazauninta na garin Tuwan a ƙasar Beljik. Faransa da mafi yawan ƙasashen Turai dokarta suke bi. Amurka kuma tana da tata ƙungiya, AKC, tun 1884, da nata awo. A Faransa akwai babban littafin asalin karnuka da ake kira LOF, an buɗe shi a 1885. Karen da ba ya cikin littafin nan, dokar ƙasar ba ta yarda a tallata shi da sunan mai asali ba, sai dai a ce ya yi kama da iri kaza.

Kalmomi biyu ne za ku fi gani a takardun faransanci, ana rubuta su "toy" da "nain". Ta fari, toyi, ma'anarta abin wasan yara. Ta biyu, nen, ma'anarta wada. Akwai kuma "mini", wato ƙarami. Mai saye yakan ɗauka duk abu ɗaya suke nufi. Nan ne rikicin yake farawa.

Suna ɗaya, awo daban-daban

Kowa ya san tiya. Amma wanda ya yi fataucin hatsi ya san tiyar wata kasuwa ba ita ce ta wata ba, sai ka ga kwanon da idonka. To haka sunayen nan suke.

Mu ɗauki kanish na gaskiya. A dokar FCI kashi 4 ne, kuma da tsawo ake rabe su, daga ƙasa zuwa doron kafaɗa:

Babba: sama da santimetir 45 zuwa 60.
Matsakaici: sama da 35 zuwa 45.
Nen: sama da 28 zuwa 35.
Toyi: daga 24 zuwa 28.

A Amurka kuwa kashi 3 ne kawai. Toyi nasu bai wuce inci 10 ba, wato wajen santimetir 25. Daga nan zuwa inci 15, wajen santimetir 38, shi ne mini nasu. Abin da ya wuce haka duk babba ne. Kun ga ke nan kanish mai santimetir 27 a Faransa toyi ne, amma in ya ƙetara Amurka ya zama mini. Mai santimetir 40 a Faransa matsakaici ne, a Amurka babba. Kare ɗaya, bai ƙaru ba bai ragu ba, sunansa ya sake.

Ko cikin ƙasa ɗaya ma kalmar ba ta tsaya wuri guda ba. Akwai karen nan mai fuskar yanyawa da jela a naɗe bisa baya, wanda ake ce wa lulu ko Pomeraniya. Shi ne nen a danginsa na karnukan Jamus, tsawonsa santimetir 18 zuwa 24. Amma mun ga nen na kanish yana kai 35. Wato wadan kanish yana iya kusan ninka wadan lulu. Kuma lulu yana da yayye masu kama da shi sak lokacin ƙuruciya: akwai na santimetir 24 zuwa 30, akwai na 30 zuwa 40, akwai na 40 zuwa 50. In suna wata 2 ba kowa ke iya rabe su ba.

Wasu kuma ba da tsawo ake auna su ba, da nauyi ne. Ciwawa, wanda asalinsa ƙasar Meksiko ne, kilo 1 zuwa 3 ake so, an fi son kilo 1 da rabi zuwa 2 da rabi. Yokshiya na Ingila bai wuce kilo 3 da garam 200 ba. Farin bishon na Malta kilo 3 zuwa 4. Bishon mai nannaɗaɗɗen gashi wajen kilo 5, tsawo santimetir 25 zuwa 29. Shitsu, mai guntun hanci, kilo 4 da rabi zuwa 8. Waɗannan duka ba a raba su gida-gida ba. Babu "Yokshiya toyi" da "Yokshiya babba" a littafi, Yokshiya ɗaya ne. Don ku ga nisan da ke tsakani, karen Azawak namu na arewa yana kai santimetir 60 zuwa 74.

A lura kuma da ma'aunin kansa. Tallan da ya fito daga Amurka da laba da inci ake rubuta shi. Laba 1 garam 454 ce, bai kai rabin kilo ba. Inci 1 kuma ya ɗan ɗara santimetir 2 da rabi. Wanda ya ga lamba 4 ya ɗauka kilo ne, ko ya ga 10 ya ɗauka santimetir ne, ya riga ya ɓata lissafi tun kafin ciniki.

Sunayen da babu su a kowane littafi

Bayan waɗancan akwai wasu sunaye da ƴan kasuwa suka ƙaga: "tikap", wato kofin shayi, da "mikro", da "na aljihu", da "ekstra toyi", da "na sarauta" da ake laƙaba wa ƙananan shitsu. Babu ɗaya daga cikinsu da FCI ko AKC ta sani. Ba iri ba ne, ba aji ba ne, ba su da awon da aka tsayar. Abin da wani ya kira tikap, wani toyi zai ce masa. Kamar dillali ne ya riƙe rago a kasuwa ya ce "wanga na alhazai ne". Daɗin baki ne na ciniki, ba ya gaya maka kilo nawa ragon zai ba da. Amfanin sunan guda ne, ƙara kuɗi.

Ba na cewa duk mai sayarwa macuci ne. Da yawa karnukan sun bi hannu uku ko huɗu kafin su iso, kuma na ƙarshe sunan da aka ba shi kawai yake maimaitawa, shi ma bai taɓa ganin uwar ba. Amma ko da gangan ko da rashin sani, hasarar mai saye ɗaya ce.

Abu 3 ke sa kare ya zama ƙarami

Makiyayi ya san wannan tun a kan awaki. In ka ga ƙaramar akuya, ko dai irin gajerun nan ce na ƙasashen kudu, ko ƴar akuya ce ba ta girma ba, ko kuwa yunwa da ciwo suka tsumbure ta. Kare ma haka.

Na ɗaya, jini. Uwa ƙarama, uba ƙarami, kakanni ƙanana. Wannan shi ne ƙanƙanta ta gaskiya. Ko nan ma ba a rantsuwa, don ciki ɗaya yakan fito da manya da ƙanana. Lulu da can ya fi na yanzu girma ƙwarai. Bayan sarauniyar Ingila Biktoriya ta samo wani ƙarami daga Italiya a 1888 ne mutane suka raja'a a kan ƙananan, masu kiwo suka yi ta zaɓe har ya koma yadda yake. Shi ya sa har yau wani ɗan lulu yakan ɗauko kakanni ya wuce iyayensa. A Faransa ma sai kare ya girma, gwani ya duba shi ya auna, sannan ake tabbatar da shi a littafin asali. In su da ke da littafi suna jira, yaya mai talla a bakin hanya zai san girman ɗan wata 2?

Na biyu, ƙuruciya. Ɗan kwikwiyon kowane kare ƙarami ne in yana sati 3 ko 4. Hanya mafi sauƙi ta sayar da babban iri da sunan ƙarami ita ce a ƙara masa kwanaki. Ɗan sati 5 sai a ce wata 3. A Faransa doka ta hana sayar da ɗan kare ko ba da shi kyauta in bai cika sati 8 ba, don kafin nan yana bukatar uwa da nono.

Na uku, tsumburewa. Akwai wanda aka haifa raunanne cikin ƴan'uwansa, akwai wanda tsutsar ciki ta cinye, akwai mai ciwon hanta ko na zuciya tun haihuwa, akwai kuma wanda aka rage wa abinci da gangan don kada ya ƙaru kafin a sayar. Irin wannan in ya samu abinci da magani sai ya miƙe ya kamo girmansa, mai shi ya ce an cuce shi. In kuwa ciwon na haihuwa ne, bai daɗewa. Makiyayi ba ya zaɓen tsumburarren maraƙi ya aje shi bijimin garke. Amma masu neman tikap abin da wasunsu ke yi ke nan: raunanne da raunanniya ake haɗawa don a samu wanda ya fi su ƙanƙanta.

Wahalar da ke tattare da ƙanƙanta

Ƙananan karnuka masu cikakken awo sukan yi tsawon rai, shekara 12 zuwa 15 ba abin mamaki ba ne. Amma duk lokacin da aka matsa ƙasa da awon iri, matsala tana ƙaruwa. Ga waɗanda muka fi sani:

Faɗuwar sukarin jini. Ɗan ƙaramin jiki ba shi da ajiya. In ya tsallake ci sau ɗaya ko biyu, ko ya yi zawo, ko ya gaji da tafiyar mota, sai ya yi laushi, ya riƙa rawar jiki da tangaɗi, har ya suma. In haka ta faru a shafa masa zuma ko ruwan sukari a dasashi da yatsa, a lulluɓe shi, a kawo shi maza. Kada a ɗura masa ruwa in ya suma, zai shaƙe. Ɗan ƙasa da wata 4 a ba shi abinci kaɗan-kaɗan aƙalla sau 4 a yini.

Maɗiga a buɗe. Wasu, musamman ciwawa, ƙashin kansu ba ya rufewa duka. Akwai kuma masu taruwar ruwa cikin kai. Alamarsa kai ya yi tulu, idanu su karkata waje, kare ya riƙa kewaya ko farfaɗiya.

Karaya. Ƙashin ƙafar gaba siriri ne ƙwarai. Tsalle daga kujera ko faɗuwa daga hannun yaro ya isa ya karya shi, kuma ɗorinsa na da wuya. Gidan da ke da ƙananan yara a yi tunani sosai.

Gocewar ƙoƙon gwiwa. Za ka ga yana gudu sai ya ɗage ƙafar baya taki biyu ko uku, sannan ya sauke.

Laushin maƙogwaro. Yana tari mai ƙara kamar kukan dinya, ya fi tashi in an ja shi da igiyar wuya. Irinsu ɗamarar ƙirji ake sa musu.

Cunkoson haƙora. Bakin ya yi kaɗan, haƙoran nono su ƙi faɗuwa, manya su fito kusa da su, abinci ya riƙa maƙalewa har baki ya ruɓe.

Gardamar haihuwa. Wanda ya sayi ƴar ƙaramar karya da niyyar ta haifa masa na sayarwa ya sani ƴaƴan ba su da yawa, kuma sau da yawa sai an yi mata aiki. In babban kare ya hau ta, ranta ne a kai.

Sai kuma yanayin ƙasarmu. Zafin jikin kare digiri 38 zuwa 39 ne, kuma ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, ɗan ƙaramin kare yana bushewa cikin awoyi kaɗan, masu guntun hanci sun fi shan wuya. Lokacin hunturu kuma sanyin asuba yana kama shi. Inuwa da ruwa ba sa yankewa, kuma kada a bar shi cikin mota a rufe ko na minti kaɗan ne.

Maganin bisashe ba na ɗan kare ba ne

Wannan gargaɗi na musamman ne gare mu da muka saba da manyan bisashe. Kusan kowane gidan mai kiwo akwai kwalbar ibamektin ta allurar shanu. Awonta mililitir 1 ne ga kowane kilo 50. In da za a bi wannan lissafi ga kare mai kilo 2, rabonsa bai kai kashi 1 cikin 20 na mililitir ba, abin da sirinjin shanu ba ya iya aunawa. Mutum ya zuƙo "ɗan kaɗan" da ido, ya riga ya ninka masa sau goma ko fiye. Maganin kaska na wankan shanu mai amitaraz shi ma haɗari ne, ciwawa kam an hana a taɓa shi da shi sam. Ƙwayoyin ciwon kai da na ciwon jiki na mutane suna lalata hanta da ƙoda da ciki. Kowane magani sai an ɗora kare bisa ma'auni tukuna.

Rigakafi kuwa akasin haka ne, ba a rage shi don kare ƙarami ne. Allurar haukan kare da ake yi daga wata 3, cikakkiya ake yi wa babba da ƙarami. Wanda ya ce maka rabi ya isa tikap, bai san aikin ba. Cizon ƙaramin kare yana sa hauka daidai da na babba, kuma shi ne ma ke wasa da yara cikin ɗaki. Sauran alluran ƙuruciya, na zawon jini da makamantansa, ana soma su daga sati 6 zuwa 8, a maimaita har ya kai wata 4.

Yadda za ka auna da kanka

Ba a bukatar kayan aiki masu tsada. Metir ɗin tela, da ƙaramin ma'auni irin na mai shago, da ido.

Tsawo: a tsayar da kare bisa daɓe, ƙafafu huɗu a miƙe. A auna daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, inda wuya ya haɗu da baya, daidai wurin da tozon sa yake. Ba a aunawa zuwa kai ko kunne. A danne gashi, don gashi yana ruɗi. Wani in aka jiƙa shi rabinsa ne ke saura.

Kwanaki: yadda muke buɗe bakin rago mu san shekarunsa, haka ake yi. Ɗan kare ana haihuwarsa ba haƙori, ido a rufe. Ido yana buɗewa kwana 10 zuwa 14. Haƙoran nono suna somawa wajen sati 3, zuwa sati 6 ko 8 sun cika 28, ƙanana masu tsini kamar allura. Wajen wata 4 na gaba suke soma faɗuwa, zuwa wata 6 ko 7 manya sun cika 42. Ƙananan iri sukan ɗan yi jinkiri, amma ɗan wata 3 da ba shi da haƙoran tauna, a sa alamar tambaya.

Girman da zai yi: ƙananan iri suna kai kusan rabin nauyinsu a wata 3, su gama girma tsakanin wata 8 da 10. Saboda haka in ka tabbatar da kwanakinsa, ka auna shi a wata 3 ka ninka biyu. Mai kilo 2 a wata 3 zai tasam ma kilo 4, ko mai talla ya rantse da me. Wannan ƙiyasi ne, yana iya ɗarawa ko ya gaza kaɗan, kuma ba ya aiki in kwanakin ƙarya ne ko an hana kare abinci.

Shawarwari kafin ka biya

1. Kada ka tambayi suna, tambayi lamba. Kilo nawa ne yau? Ran nawa ga wata aka haife shi? Kilo nawa uwar, kilo nawa uban?

2. Ka ga uwar da idonka, in da hali tana ba shi nono. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In an ce uwar tana wata ƙasa, to ka san ƙaddara kake saye.

3. Kada ka aika kuɗi saboda hoton Facebook ko WhatsApp. Hoton ɗan kare cikin kofi ba ya nuna kwanakinsa, kuma wani hoton daga intanet aka ɗauko shi. Wannan sayen kifi a ruwa ne.

4. Kada ka karɓi wanda bai cika sati 8 ba. Ka aje masa abinci ka ga ya ci da kansa a gabanka.

5. Ka rabe takardu. Karnen rigakafi ba takardar asali ba ce. Duk sunan da mai kare ya faɗa shi ake rubutawa a karne, ba ya tabbatar da iri ko girma. Ka duba kwanan wata, da tambarin kwalbar allura, da sa hannu da hatimin likita.

6. Ka shafa haƙarƙari. In ƙashi ya fito fili, ciki ya yi tulu, gashi ya yi furu-furu, dasashi ya yi fari, wannan ba ƙaramin iri ba ne, mai yunwa ne ko mai tsutsa.

7. Cikin ƴan ciki ɗaya kada ka zaɓi mafi ƙanƙanta da ke raɓe a lungu. Zaɓi matsakaici mai kuzari da wasa.

8. Ku yi sharaɗi gaban shaidu, ko a rubuce, cewa sai likitan bisashe ya duba kafin ciniki ya faɗa. Mai gaskiya ba ya ƙin haka.

9. Ka yi lissafin abin da ke gaba: abinci, allurai, aski da wanka, da wanda zai kula da shi in ka yi tafiya. Kuɗin saye shi ne mafi sauƙi.

Ga masu kiwo don sayarwa

Ku ma akwai naku. Ku riƙe littafi, ku rubuta ranar barbara da ranar haihuwa. Cikin karya kwana 63 ne, ko ya ɗara ko ya gaza kaɗan. Ku auna ƴaƴan kowane sati ku rubuta. Ku soma ba su maganin tsutsa daga sati 2 bisa shawarar likita. Kada ku haɗa ƴan ciki ɗaya ko uba da ɗiya don neman ƙanƙanta, lahani ne kuke tarawa. In mai saye ya zo ku nuna masa uwa da uba da littafin, ku ce ga abin da muke zato, amma ba mu da tabbas. Wanda kuka gaya wa gaskiya zai kawo muku wani. Wanda kuka sayar wa suna, bayan wata 6 zai dawo da kare a hannu da rigima a baki.

Hajiyar nan da na ba ku labarinta, daga baya ta sake kawo karen don maimaita allura. Na tambaye ta ko ta mayar wa mai shi magana. Ta ce: "Likita, na bar shi da Allah. Yaran sun saba da shi, kuma tun da ya zo bai taɓa kwana da ciwo ba." Na ce mata da toyin kilo 2 aka ba ta, wataƙila da mun fi haka ganin juna.

Duk wanda ke da niyyar saye, ko ya riga ya saya yana shakka, ya zo ma'aikatar kiwo mafi kusa da shi, ya taho da karen da takardunsa. Ɗora shi bisa ma'auni da buɗe bakinsa ba sa cin minti 10. Allah ya ba mu lafiya, mu da bisashenmu.